Me ya haɗa Gucci da linzamin doki?

Baduku Ƙofar Wambai:

Assalamu alaikum. Ni ɗinkin takalmi nake yi a Kano, sana'ar gidanmu ce. Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa aiki ya aiko direbansa da sau-ciki baƙi, ya ce in manna masa siririyar roba a ƙasa don kada tsakuwar titinmu ta cinye shi. Gucci ne, kuma na gaske, a Milan ya saya da hannunsa.

Na daɗe ina jujjuya takalmin nan kafin in shafa masa gam. Saman fatar maraƙi ce, ƙasan ma fata ce zalla, ɗinkin ya ratsa daga ciki ya ɓullo ta ƙasa, ko zare ɗaya bai kauce wa layi ba. Wannan duk na gane, hannu ne ya faɗa kuma an sami kayan aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙarfen da ke kwance a bayan ƙafar: zobba biyu, da 'yar sanda mai gaɓa a tsakiya ta haɗa su. Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani doki ranar hawa ya san linzami ne wannan, sai dai irin na Turawa.

To me ya haɗa masu yi wa attajirai kaya da linzami? Sannan ratsin nan kore-ja-kore da ya cika kasuwa, a silifa, a bel, a hular yara, yana da asali ko tutar wata ƙasa ce? Yarona na shago ya rantse ya maya wai Gucci na Amurka ne, hujjarsa mawaƙan can ne suke sawa. Ni kuma na taso ina jin manya suna cewa fatar Kano ake kai musu. Wanda ya sani ya warware mini, Allah ya ba da lada.

Ɗan Zangon Vicenza:

Wa alaikumus salam Malam Baduku. Idonka bai yi maka ƙarya ba, linzami ne. Ni mutumin Kumasi ne, aikin jima nake yi a wata masana'anta a Arzignano, kusa da Vicenza a arewacin Italiya, ka ga ni da kai duk a fata muke cin abinci.

Da farko ka ce wa yaronka ya shirya kaffara. Gucci sunan mutum ne, Guccio Gucci, an haife shi a 1881 a Florence, garin ƙungiyar Fiorentina. Yana saurayi ya tafi ci-rani Landan, ya yi aikatau a otal ɗin Savoy, masaukin manyan masu kuɗin Ingila. A can ya ƙare wa akwatunansu da jakunkunansu kallo, ya san wanne ne na mai kuɗin jiya, wanne ne na mai kuɗin gado. Ya dawo gida ya shiga harkar fata, sai a 1921, yana da shekara 40, ya buɗe ɗan shagonsa a wani titi da ake kira Via della Vigna Nuova. Akwati ne da jaka da kayan hawa. Riga da wando sun zo ne can daga baya sosai.

Masu sayen kayansa masu hali ne, kuma a Turai ta wancan lokacin da doki ake gane mai hali. Shi ya sa gidan ya kwashe adonsa kaf daga barga. Ratsin da ka tambaya daga majayi aka ɗauko shi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, a farkon shekarun 1950 ya fara hawa jaka. Linzami kuma a 1953 ya hau takalmi, dabarar Aldo ce, ɗan Guccio. A shekarar ne tsohon ya rasu, kuma a shekarar suka buɗe shago a New York. Takalmin da ke hannunka ɗin nan, tun 1985 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya ajiye irinsa a cikin kayansa.

Aldo ɗan kasuwa ne na ƙarshen zance. Da ya ga Amurkawa suna son jin tarihin sarauta, sai ya riƙa baza labarin cewa kakanninsu masu yi wa manyan Florence sirdi ne tun zamanin da. Tallar kaya ce kawai. Ni labarin yaron otal ɗin ya fi burge ni a kan na sirdin sarakai, amma da alama shi bai sayar da jaka.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya, don ya shafi mai sana'a irinka. Abubuwan da Gucci ta fi suna da su, rashi ne ya haife su. A 1935 Mussolini ya afka wa Habasha, majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamanin ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, fata ta yi wuyar samu. Mai shagon jaka babu fata, ina mafita? Sai suka sa aka saƙa musu wani yadi mai kauri a Naples da zaren wata shuka mai kama da rama, aka buga masa zanen 'yan kusurwoyi huɗu a karkace masu haɗe da juna, ruwan ƙasa mai duhu a kan mai haske. Suka riƙa yin akwati da shi, fata sai a baki-baki da wurin riƙewa. Mutane suka so shi, don ba nauyi, ga shi ana gane shi daga nesa. Da aka zo shekarun 1960 sai aka dasa G biyu, haruffan sunan tsohon, a cikin wannan zane.

Ma'anar wannan ita ce, jakar nan ruwan ƙasa mai GG da mata ke rububi, ko ta gaske ce, jikinta yadi ne da aka shafe da wani abu mai kama da roba. Ka sa farce ka ji. Fatar da ke jikinta ba ta taka kara ta karya ba. Mutane da yawa ba su san haka ba, har a nan Italiya.

Haka ma bayan yaƙin duniya na biyu, kayan aiki sun sake yin ƙaranci, sai a 1947 wani tunani ya zo musu na yin hannun jaka da gora, wadda ake iya shigowa da ita daga Japan. Ana gasa sandar a kan wuta tana laushi, a lanƙwasa ta da hannu har ta yi baka, a bar ta ta huce, a shafe ta da mai sheƙi. Har yau da hannu ake yi, shi ya sa hannun jaka biyu ba sa zuwa iri ɗaya sak. Sauran kuwa labarin manyan mata ne: wata jaka ta ɗauki sunan Jackie saboda matar Shugaba Kennedy tana yawan rataya ta, a 1966 kuma aka zana wa Gimbiya Grace ta Monaco ɗankwali mai furanni da ƙwari, shi ne Flora, wanda yanzu kuka fi sani a kwalbar turare.

Maganar fatar Kano tana da tsawo, bari in dawo daga aiki.

Hajiya Mai Lefe:

Sannu da ƙoƙari Malam Ɗan Zango, yau na ƙaru. Ashe abin da nake ta zuba wa amare a akwati kayan doki ne.

Ni lefe nake haɗawa, ina saro kaya a Dubai da Guangzhou, kuma gaskiya ɗaya ce, abin da ke yawo a kasuwanninmu da sunan Gucci kusan duk kwaikwayo ne. Shi ma hawa-hawa ne. Akwai wanda G ɗin ma a karkace take, zif ya tsaya tun kafin a kai amarya. Akwai wanda zai zo da kwalinsa da jakar yadi ta ajiya da kati har da rasit, sai wanda ya saba riƙe na asali ne zai ji bambanci a nauyin ƙarfe da ƙamshin fata. Ni ba na ɓoye wa kowa. Uwar ango ta sani, amarya ta sani, 'yan ganin lefe ma sun sani, amma a ce akwati shida babu jaka da takalmi masu suna, sai a yi ta yi da kai a dangi. Ba yaudara ake yi ba, kowa ya san kuɗin da ya bayar.

Tambayata daban ce. Wata 'yata ta ce mini matar mai kamfanin ce ta sa aka kashe shi, har an yi fim a kai. Da gaske ne? Kuma har yanzu jikokinsa ne ke cin wannan dukiya?

Ɗan Zangon Vicenza:

Hajiya barka da kasuwa. 'Yarki ta yi gaskiya, sai dai ba Guccio aka kashe ba, jikansa ne. Kuma yau babu wani mai sunan Gucci da ke da ko kwabo a mallakar gidan. Rigimar gado ce ta cinye su.

Tun daga tushe aka kuskure. Guccio yana da 'ya mace, Grimalda, ta yi shekaru tana aiki a shagon, amma da ya tashi rabo maza kawai ya ba wa: Aldo da Vasco da Rodolfo. Ta kai ƙara ba ta samu ba. Vasco ya rasu a 1974 bai bar baya ba, kamfani ya koma rabi da rabi tsakanin Aldo da Rodolfo. Aldo yana da 'ya'ya maza uku, ya yanka wa kowannensu kashi 3.3 cikin 100 daga nasa. Rodolfo kuwa ɗa ɗaya gare shi tal, Maurizio, wanda ya gaji kashi 50 ɗin uban cif a 1983. Ki riƙe wannan lissafin.

A cikin 'ya'yan Aldo akwai Paolo, mai son ya buɗe nasa da sunan gidan, aka hana shi, aka kore shi, ya yi ta maka su a kotu. Da rai ya ɓaci sai ya miƙa wa hukumar Amurka takardun da suka nuna ubansa yana zille wa haraji. A 1986 aka yanke wa Aldo ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya, yana da shekara 81. Kafin nan ma Paolo ya haɗa ɗan kashi 3.3 ɗinsa da 50 na Maurizio, suka wuce rabi, suka tunkuɗe Aldo daga kujerar da ya yi shekara talatin a kai. Da ɗan gari kan ci gari.

Suna can suna shari'a, sunan yana nan yana zubewa. Tun ƙarshen shekarun 1970 suka fara buga GG a kan duk abin da ya samu, laita, biro, mariƙin makulli, jakar kwalliya mai araha, ana sayarwa a kanti sama da dubu. Kayan da ke ɗauke da sunan sun kai iri 22,000. Ki lura Hajiya, ba masu jabu ne suka fara arahantar da Gucci ba, masu gidan ne da kansu. Maurizio ya gane haka, ya ɗauko wata Ba'amurkiya, Dawn Mello, a 1989, suka zaftare kayan zuwa 7,000, kantunan zuwa 180. Tunanin daidai ne, amma ya yanke hanyar kuɗi kafin ya haƙa wata, ga shi da hannu sake. Asara ta yi ta hawa. Wani kamfanin zuba jari na Baharain, Investcorp, wanda ya riga ya saye rabon ɓangaren Aldo, shi ya saye na Maurizio ma a 1993. Daga ranar gida ya fita daga hannun dangi.

Ranar 27 ga Maris 1995 da safe, Maurizio yana hawa matakalar ofishinsa a Milan aka harbe shi. Sai a 1997 aka kama tsohuwar matarsa, Patrizia Reggiani, uwar 'ya'yansa mata biyu, wadda ya bari ya koma wa wata. Ta hannun ƙawarta mai duba aka nemo maharban. Kotu ta ba ta shekara 29 a 1998, aka rage zuwa 26 da aka ɗaukaka ƙara, ta gama da gidan yari a 2016.

Bayan an sa kamfanin a kasuwar hannun jari a 1995, attajiran Faransa biyu suka yi kokawa a kansa a 1999. Bernard Arnault, mai Louis Vuitton, ya yi ta saye a hankali har ya tara kashi 34, shugabannin Gucci suka ruga wajen François Pinault ya zuba dala biliyan 3 ya karɓi kashi 40. Pinault ne ya yi nasara. Kamfaninsa, wanda yanzu ake kira Kering, shi ke da Gucci. Aikin ana yin sa a Italiya, ribar tana kwana a Faris.

Autan Zaure:

Baba Ɗan Zango a gafarce ni, amma ina ganin kaffarar yaron nan da sauƙi, don Amurka tana da babban hannu a Gucci da muka sani yau.

Wanda ya tashe ta daga kwance ɗan Texas ne, Tom Ford. Dawn Mello ce ta ɗauke shi a 1990, ya zama shugaban zane a 1994. Kayan da ya fitar a 1995, wandon karammiski mai zama a ƙugu da rigar siliki a buɗe, su suka mai da gidan akwati ya zama gidan 'yan gayu, da tallace-tallacen da ba sa kalluwa a gaban surukai. Ya tafi a 2004. Sai kuma Alessandro Michele, wanda ya riƙe shugabancin zane daga 2015 zuwa 2022, shi ne mai ƙudan zuma da maciji da damisa da furanni a kan komai, da takalmin linzamin nan da ya yanke wa dunduniya ya shimfiɗa masa gashi a ciki. Cinikin shekara ya tashi daga yuro biliyan 3.9 a 2015 ya kai 10.5 a 2022. Bayan tafiyarsa cinikin ya sauko 7.7 a 2024, a 2025 kuma suka ɗauko mai zane Demna daga gidan kaya na Balenciaga.

Hajiya, ga labarin da zai yi miki daɗi. A unguwar baƙaƙen fata ta Harlem akwai wani tela, Dapper Dan, ya buɗe shago a 1982. Yana buga tambarin Gucci da Louis Vuitton da Fendi a kan fata da kansa, yana ɗinka wa mawaƙa da 'yan dambe manyan riguna irin waɗanda gidajen ba su taɓa tunanin yi ba. Suka yi ta kai masa samame da shari'a har ya rufe a 1992. Sai ga shi a 2017 Gucci ta fito da wata jaket mai kumburarrun hannuwa, mutane suka zaƙulo hoton wadda ya ɗinka wa 'yar tseren Amurka Diane Dixon a 1989, kusan babu bambanci. Intanet ta ɗauka. Ƙarshe Gucci ta buɗe masa sabon shago a Harlem tana ba shi yadinta. A 2019 kuma da suka fitar da wata baƙar suwaita ta dala 890 mai rufe baki da jan leɓe, irin shigar da ake yi wa baƙar fata ba'a da ita, aka yi musu ca suka janye ta suka ba da haƙuri, Dapper Dan ɗin ne ya kira shugaban kamfanin ya zo har Harlem ya yi bayani.

Baduku Ƙofar Wambai:

Madalla, na gode muku duka. Auta ka sama wa yarona mafita, tun ɗazu yake murmushi. Malam Ɗan Zango, saura alkawarin fata. Sannan in na sa maƙeran Kurmi sun zuba mini irin ƙarfen nan na ɗora a takalmin da na ɗinka, na shiga haƙƙinsu?

Ɗan Zangon Vicenza:

Auta ka yi daidai, na karɓa.

Malam, abin da suke tsarewa da shari'a shi ne sunan, da GG, da ratsin, da siffar linzaminsu. Kamfanin Guess na Amurka ma sun kai shi kotu, a 2012 aka ce ya biya su kusan dala miliyan 4.7. Amma doki ba na Gucci ba ne. Kano da ake hawan Daushe da hawan Nassarawa ba ta rasa linzami da likkafa da adon sirdi nata ba, kuma siffarsu daban ce da ta Turawa. Ka kai wa maƙerin namu ya ƙanƙanta maka shi da farin ƙarfe ko tagulla, babu mai ce maka kanzil.

Fata kuwa, manyanka ba su yi ƙarya ba a kan cewa tana zuwa Italiya. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a tashoshin Maroko suna kiran ta da sunan can. Yau majemun Challawa da Sharaɗa suna jeme fatar awaki da tumaki su loda a kwantena, Italiya da Sifen na cikin manyan masu saye. A nan kowane yanki da abin da ya ƙware a kai. Mu a Arzignano yawanci fatar shanu muke yi, ta kujerun gida da na mota. Santa Croce da ke tsakanin Florence da Pisa su ne na jaka da takalmi, har yanzu wasunsu da ɓawon itace suke jima, yadda ake yi da bagaruwa. Fatar awaki da tumaki kuwa Solofra ce cibiyarta, can kudu wajen Naples.

Fatar takan iso ne an jeme ta amma ba a gama ta ba. A nan ake sake jiƙa ta, a fere ta ta zama kauri ɗaya daga wuya har gindi, a rina, a ba ta mai, a goge. Wanda ya yi wannan aikin na ƙarshe shi ke sayar wa gidajen kaya, kuma da sunan fatar Italiya take fita. Gucci ma ta sayi majemu nata a yankin Tuskani, inda Florence take, don ta riƙe wannan matakin a hannunta. Kuɗin yana wajen gamawa da wajen tantancewa.

Tantancewar nan ita ce inda fatarmu take faɗuwa, kuma tun daga mahauta abin yake lalacewa. Mai tantancewa yana shimfiɗa fata a kan tebur ƙarƙashin fitila, ya shafa ta da tafin hannu, ya ɗaga ta ya duba ta baya. Yana neman shaidar ƙaya, da cizon kaska, da tabon lalas, da wurin da aka bar ta a rana ko aka yi jinkirin zuba gishiri har gashi ya fara zuba. Mafi yawa kuma kuskuren wuƙa ne wajen fiɗa, musamman fatun layya da kowa ke fiɗe nasa a ƙofar gida. Akuyar da aka fiɗe ta hanyar tura dunƙulen hannu tsakanin fata da nama tana fita lafiya lau. Wadda aka bi da wuƙa, ko bai huda ba, in ya yi zurfi sai ya bayyana bayan an fere ta. Irin wannan ba a yanka gaban jaka da ita, sai dai a tura ta shafin cikin takalmi, kuma kuɗinta a nan yake tsayawa.